Shebe, da Abin da Ba Ya Shiga Leda

Tun da garin shebe ya yi suna na zama 'yar aike ta dole. Duk 'yar uwar da ta tuna tana da dangi a N'Djamena, to ni ta tuna. Saƙon kusan iri ɗaya ne, ko daga Kano ya fito ko daga Maraɗi: "Yaya, don Allah a taimaka mana da shebe na asali, irin wanda matan Chadi ke sawa gashinsu ya kai gadon baya." Ina saye, in ƙulle a leda biyu, in ba direbobin da ke bi ta Kusuri da Gamboru zuwa Maiduguri. Bayan wata uku sai wani saƙon ya biyo baya: "Yaya, anya na asalin ne kuwa? Ni dai ban ga komai ba."

Na asalin ne. Amma maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya.

Mu Hausawan wannan gari yawancinmu jikokin matafiya ne. Kakanmu ya baro Kano a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, guzuri ya ƙare, ya kama sana'a, ya yi aure. Har aka sauya wa garin suna a 1973 yana nan. Mun taso muna Hausa a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, Faransanci a makaranta. Haka kawunanmu ma suka taso tsakanin hannuwa biyu: kitson Hausa na iyayenmu, da gyaran gashi na maƙwabtanmu Larabawa, waɗanda a Najeriya ake ce wa Shuwa. A wurinsu Goggo, ƙanwar mahaifina, ta koyi shebe, mu kuma a wurinta muka gani.

Shebe ƙwayar wani ɗan itace ne da ke fitowa a yankin duwatsun Gera, a tsakiyar ƙasar. Ana soya ƙwayar sama-sama har ta yi duhu, a daka, a tankaɗe. Sai a haɗa da kanumfari da mahalab da ɗan ƙaro mai ƙamshi, kowane gida da ma'auninsa. Abokin tafiyarsa shi ne karkar, man da ake haɗawa da man riɗi da kitse da kakin zuma. Da can abin mata ne na cikin gida, ba wanda ya damu da shi a waje. A 2017 wata mai suna Miss Sahel ta saka bidiyon matan Basara a YouTube, gashi har ƙugu, hannuwa sun yi ja da gari. Daga nan labari ya sha bamban. Yau ana sayar da shebe a cikin kwalabe masu ado a Amurka da Faransa, a farashin da in na gaya wa Goggo sai ta ce ƙarya nake.

Abin da masu kwalaben ba sa faɗa shi ne, shebe ba ya tsirar da gashi. Ba a ma sa shi a fatar kai, don yana toshe ta ya kawo ƙaiƙayi. A jikin gashin ake shafa shi, daga ɗan nesa da tushe zuwa baki. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata, da shebe ko ba shebe. Ke nan a shekara kowace mace ta samu wajen santimita 12 kyauta daga Allah. To ina suke zuwa? Ki duba matajinki, ki duba matashin kanki, ki duba inda kika zauna aka yi miki tsifa. Suna nan a ƙasa, an share su da tsintsiya.

Gashinmu mai murɗewa ne, kuma duk inda silin ya lanƙwasa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana sauka cikin sauƙi a gashin da ke miƙe, amma a namu ba ya iya bin duk waɗannan kwanoni ya kai baki. Shi ya sa bakin gashinmu ke bushewa ya tsage ya karye. Ƙara da yanayin da muke ciki. Ƙurar hunturun da ke rufe Kano, mai yawa daga cikinta daga ƙasar nan take tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewa, kuma mu take fara yi wa sallama. Hunturu na wucewa zafin Afrilu ya shigo, ma'auni ya haura 40. Gashin da aka bari a sake cikin wannan iska, kafin la'asar ya koma kamar soson wanka. Aikin shebe da karkar shi ne su lulluɓe silin, su riƙe masa danshi, su hana shi gogar ɗan uwansa. Tsawon da kike gani a bidiyo, gashin shekaru ne da aka hana karyewa.

Yanzu ga abin da ba ya shiga leda. Ranar shebe a gidan Goggo rana ce sukutum. Bayan an karya kumallo ake shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, a ɗora shayi. Wadda za a yi wa ta zauna tsakanin ƙafafun mai yi, da tsohon zane a kafaɗa. A tsefe kitso ɗaya, ɗaya tak, a yayyafa masa ruwa, a shafa karkar, a barbaɗa gari, a sake yayyafa ruwa, a sake shafawa, har silin ya ƙoshi, sannan a mayar da shi kitso kafin a taɓa na kusa da shi. Awa uku, wani lokaci huɗu. Bayan kwana huɗu ko biyar a sake, ba tare da an wanke na baya ba. Tsakanin nan ba mataji, ba na'urar busarwa, ba hannun da ke wasa da gashi. Yana cikin manyan kitso, ƙarƙashin ɗankwali da lafaya, yana hutawa. A kasuwa ma akwai mata masu wannan sana'a, sukan karɓi kamar jaka biyu ta sefa, amma ko su ba su da hanyar gajarta awannin.

'Yar uwata ta Kano kuwa ma'aikaciyar jinya ce, tana da yara huɗu. Ta kwaɓa garin da man kanti ranar Asabar, ta shafa ita kaɗai a gaban madubi cikin minti ashirin, ta wanke ranar Litinin don ƙamshin ya yi mata ƙarfi a wurin aiki, ta taje, ta kama da roba. Ba laifinta ba ne. Rayuwarta ba ta da Goggo, ba ta da inuwar darbejiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba ya gyara ƙeyar mai shi.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son ji, wato gado. Maƙwabciyarmu Balarabiya gashinta mai laushi ne, murɗinsa sako-sako. Nawa irin na dangin mahaifina ne, mai cika, mai tauri, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ya tsuke ya koma rabin tsawonsa. Mun yi shekaru muna zama tabarma ɗaya, kwano ɗaya ake ɗibar mana gari. Nata ya sauka ƙugu, nawa ya tsaya a kafaɗa, sai an ja shi ake sanin ya wuce nan. Da ina budurwa abin yakan sosa min rai. Goggo ce ta ce min wata rana, tana tsaga min kai da kibiya: "Ke 'yar nan, gero da dawa gona ɗaya suke, kin taɓa jin gero ya yi kuka don bai kai dawa tsawo ba? Naki in aka yi masa shuku sati uku yana tsaye. Nata kwana biyar ya warware."

Abin dariya a wannan ciniki shi ne ambunu. Bayan shebe, shi ne abu na biyu da ake aiko min a saya: ganyen da matan Chadi ke jiƙawa a ruwan zafi ya yi yauƙi, su wanke kai da shi, gashi ya warware ba tare da an yi kokawa da shi ba. Ranar da na tura wa wata ƙanwata hoton ganyen sai ta kira ni tana salati. Karkashi ne. Karkashin miya, wanda kakarta ke wanke mata kai da shi a Katsina tana yarinya, ita kuma ta bari don kada a ce mata baƙauyiya. Sai da ya je Turai ya dawo da sabon suna sannan ya yi daraja.

Duk wannan da sauƙi, hira ce ta manya. Inda abin ya zo min wuya shi ne ranar da 'yata mai shekara tara ta dawo daga makaranta ta tsaya a bakin madafa ta ce, "Umma, ki sa min man nan da ke miƙar da gashi." Wata a ajinsu ta ce mata kanta kamar tsintsiyar kwakwa. Ta faɗa tana murmushin ƙarfin hali, amma idonta ya cika.

Na san man da take nufi. Na san ƙaurinsa, na san yadda yayata ke zama tana cije leɓe tana jira a wanke, don an ce sai ya yi zafi yake kamawa. Yawancin irinsa sinadarin soda mai ƙuna ne a ciki, aikinsa ya karya ƙullin da ke sa gashi murɗewa, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Shekara goma sha biyar tana yi, tana ɗora ƙananan kitso masu ɗaurin tsiya a kai. Yau gaban kanta ya ja baya da faɗin yatsu uku, ko a cikin mata ba ta cire ɗankwali. Likitan fata ya gaya mata jan da aka daɗe ana yi wa tushen ne ya kashe shi, kuma inda ya riga ya yi santsi da wuya ya dawo. Sannan a watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000: waɗanda ke yawan amfani da man miƙar da gashi, sama da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwa da kansar mahaifa ya ninka a kansu fiye da sau biyu. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ana buƙatar ƙarin aiki. Ni uwa ce, wannan ya ishe ni. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma yarinya mai shekara tara ba ta jin lissafin kansa. Ba kuma ta damu da cewa a Maris na 2024 majalisar wakilan Faransa ta amince da ƙudurin hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda gashinsa ba, ko da yake ni abin ya ba ni mamaki, a ce sai an yi doka kafin mace ta je ofis da gashin da aka haife ta da shi. Abin da 'yata ta sani shi ne ranar kitso ranar kuka ce. Mu Hausa mun gaji wata magana, wai kyau sai da wuya. Makitsiya ta danne kan yarinya a cinya, ta taje shi a bushe, ta ja gashin goshi har girar yarinya ta ɗaga, in ta yi kuka a ce raki. Yarinyar da ta sha wannan sau biyu a wata tun tana shekara uku, me zai hana ta ɗauki gashinta abokin gaba?

Don haka ban ce mata a'a ba, ban ce to ba. Na ce ta ba ni wata uku. Na kafa dokoki a gidana, kuma su ne abin da zan ba duk mai tambayata sirrin matan Chadi. Ba a taje gashi a bushe. A raba shi gida huɗu ko shida, a jiƙa da ruwan karkashi, a fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki a hau zuwa tushe. Ruwa ne ke ba gashi danshi, mai rufe shi kawai yake yi, saboda haka ruwa kafin man kaɗanya. Kitso manya, kada ya wuce sati uku. Na gaya wa makitsiyarmu, cikin girmamawa, ta bar gashin goshi da na gefen kunne ya sarara. In na ga ƙuraje a layin kitso ko yarinya ta kasa kwanciya a daren farko, da safe zan tsefe, kuɗin ya tafi. Da dare ɗankwali mai santsi, don atamfa tana shanye mai. Sai kuma Lahadi, gidan Goggo.

Watanni ukun sun wuce tun bara, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna mata ba. Ban san abin da za ta zaɓa ranar da ta mallaki kuɗinta da kanta ba, wannan nata ne. Abin da na sani shi ne yanzu tana barci a cinyar mai yi mata kitso.

Goggo ta tsufa, yatsunta sun fara ƙin lanƙwasa, ba ta iya zaman awa huɗu. Ni ke yi wa yara yanzu, ita tana daga gefe tana gyara min tsaga da baki. Furfurarta kuma ta zama wurin koyon 'yata, don ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai na kishiyarta. Yarinya ta durƙusa a bayanta da kwanon gari, ta tsefe ɗaya, ta yayyafa ruwa, ta shafa karkar, harshe a waje saboda himma.

"Kishiya, a hankali, so kike ki ƙwace min miji ki kuma bar ni da sanƙo?"

"Ai Kaka ke kika ce in an ji zafi a faɗa. Kin ji zafi?"

"Ban ji ba. Ci gaba."