Yadda za ka hana zanen Excel canza girma in ka kwafa shi

Ɗan'uwa, duk ƙarshen wata nakan tura wa maigidana zanen cinikin shago: sikirin nawa na canza, batir nawa. Abin lura shi ne, Excel na ɗaure zanen da layukan da ke ƙarƙashinsa. In ka manna shi a wani shafi ka faɗaɗa layi, sai ya miƙe, ɗan bambanci ya zama kamar ciniki ya faɗi warwas. Wallahi daga nan zargi ke farawa.

A kwamfuta, danna dama kan zanen, shiga Format Chart Area, ƙarƙashin Properties zaɓi Don't move or size with cells. Word za ka kai shi? Yi Copy as Picture. A waya kuwa, ɗauki hoton allon ka tura ta WhatsApp, shi ke nan.