Haɗa Tafiya Ma Sana'a Ce

 Yau ba da labarin soyayya na zo muku ba, maganar neman na kai ce. Kuɗin littafi dai a gutsure suke zuwa, sai kin yi ta sintiri wurin masu shago, shi ya sa na haɗa rubutu da wata 'yar sana'a, wato shirya wa mata tafiya a mota.

Ga yadda abin yake. Idan biki ya tashi a wani gari, ko kai amarya, ko matan Islamiyya suna son zuwa ziyara, ni ce zan nemo mota, in tsayar da rana, in tanadi abinci da wurin sauka. Kowacce ta biya kuɗin kujerarta, ladan wahalata yana ciki. Ko keke ba ni da shi. Jarina waya ce da littafin lissafi, sai kuma shaidar da mutanen unguwa suka yi mini.

Ana yawan ce mini, "Wai Anti, don me mace za ta ba ki kuɗi alhali ga tasha nan a buɗe?" To 'yar uwa, baiwar Allahn da ta shekara ashirin a ɗaki, ki sauke ta tsakiyar 'yan kamasho, wannan ya ja jakarta wancan ya ja mayafinta, ai sai ta rasa gabas. Kuma kafin a kai ga nan, wa ya ce Malam zai bar ta ta fita? Abin da ake saye a wurina ke nan, kwanciyar hankalin maigida. Don haka ba na karɓar ko kwabo sai mijin mace ko mahaifinta ya yi magana da maigidana baki da baki. Wadda ta ce in rufa mata asiri ta je ta dawo ba a sani ba, sai in ce ta nemi wata motar.

Masu cewa wannan koya wa mata yawo ne, su tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. A zamaninta jajoji ne suke tattaro mata daga ƙauyuka, su jagorance su a ƙasa har wurinta neman karatu, su ne ake kira 'Yan Taru. Ban ce ni jaji ce ba, su don Allah suka yi, ni kuwa da ɗan abin cefanena a ciki. Amma dai tafiyar mata a ayari ƙarƙashin mai kula da su ba yau aka fara ba.

Sai maganar kuɗi, inda sana'ar take tsayuwa ko ta faɗi. Bas mai cin mutum 18 idan kika ɗauke ta shata, kar ki raba kuɗin gida 18. Ki raba gida 14. Kujera ɗaya taki ce, ɗaya ta dattijuwar da za ta yi muku rakiya, sauran biyun kuwa na waɗanda za su fasa ne, don wallahi sai an fasa: wannan ɗanta ya kwana da zazzaɓi, waccan uwar miji ta yi baƙi. In mota ta cika, ribarki ce. Kowa ta ba da rabi kafin alƙalami, kuma ki faɗa a gaban kowa cewa in ya rage kwana uku ba a mayarwa. Kuɗin nan ki sa su daban, ba na zubin adashi ba ne, ba na anko ba.

Ciniki da direba a yi shi a tasha gaban shugabanninsu: wa zai zuba mai, awa nawa zai jira ku, wa zai ji da masu shinge a hanya. Kar kuma ki yanke wa mata farashi wata guda kafin tafiya. A ƙarshen watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Duk wadda ta riga ta karɓi kuɗin jama'a a tsohon farashi, daga aljihunta za ta cika.

Mai son farawa ta fara da tafiyar yini ɗaya. Daga Kano zuwa Daura ta isa gwaji. Ku tashi bayan asuba, ku bi ta Dambatta da Kazaure, ku ga rijiyar Kusugu da yara suke karantawa a labarin Bayajida, ku yi azahar, kafin magariba kowa tana ɗakinta. Ki riƙe buta biyu, tabarma, da leda saboda masu amai. Ki san gidan man da yake da bayan gida mai tsafta tun kafin ranar. Mai goyo kusa da ƙofa, mai ciwon suga ki tabbata ta karya. Kishiyoyi kuwa, ko sun rantse miki sun shirya, ki sa mutum a tsakaninsu.

Tafiyar da aka fi roƙona ita ce ta Sakkwato, a ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, a ƙarasa Wurno inda kabarin ɗansa Muhammadu Bello yake. Da zan yi ta, da ta fi kowace kawo kuɗi. Amma hanyar ta Funtuwa ce da Tsafe da Gusau da Talatar Mafara, kuma kun san abin da 'yan bindiga suka mayar da yankin. Matan mutane 16 a hannuna, in wani abu ya faru da wane baki zan yi wa mazansu bayani? Akwai wata Hajiya da ta ce za ta biya ninki biyu, don tana son ta ga Hubbare kafin ƙafa ta gaza. Na ce, "Hajiya ki yi haƙuri, ba kuɗin ba ne." Na rubuta sunanta a shafin ƙarshe na littafina, inda nake ajiye masu jiran hanya ta gyaru. Duk bayan sallah sai ta aiko jikarta ta tambaye ni ko an sa rana.