Kafar Allura a Murfin Tanki

Hausawa kan ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai wani direba a ƙasar Kano wanda bai san nauyin wannan magana ba sai ranar da ya tsaya a gefen hanya yana kallon tumatirin amana yana laushi a rana.

Sana'ar wannan bawan Allah ita ce jigilar kayan gwari daga kasuwar Kwanar Gafan zuwa Kaduna, da wata tsohuwar a-kori-kura da ya gada daga mahaifinsa. Bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai ya shiga lissafin kowane ɗigo. Wata rana yana goge motar sai ya lura da 'yar kafa kamar ta allura a murfin tankin, kuma da ya kai hanci sai ya ji warin fetur. Nan take ya yanke hukunci cewa ta nan dukiyarsa ke zurarewa. Bai yi shawara da kowa ba, ya sayo gam ya liƙe kafar, ya kwanta yana jin ya yi dabara.

Washegari, cikin zafin watan Maris, ya cika tanki maƙil, aka yi masa lodin kwandunan manoma, ya kama hanyar Zariya. Bai yi nisa ba motar ta fara shessheƙa, ƙarfinta ya ragu, daga bisani ta mutu. Wani matashin makanike da ya samu ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ya karɓi kuɗinsa. Motar ta tashi, amma ba ta daɗe ba ta sake tsayawa kafin Tashar Yari. A lokacin rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga daga ƙasan kwanduna. Hankalin direba ya tashi, domin kuwa ba kayansa ba ne, guminsu ne na wata uku, kuma da sunansa aka ba shi amana.

Ana cikin haka sai aka kira masa wani dattijon makanike. Tsohon bai buɗe gaban mota ba. Ya saurari bayani har ƙarshe, sa'an nan ya zagaya ya murɗa murfin tanki. Sai aka ji iska ta ja da ƙarfi, shuuu, tankin kuma ya yi ƙara kamar an saki gwangwanin da aka matse.

"Malam, wa ya toshe wa motar nan hanci?" in ji dattijon.

"Ni ne, Baba. Na ga mai yana fita ta nan."

"To, ka taɓa ganin mai shayi ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya?"

Ya karɓi allura ya buɗe kafar, ya ce a tayar. Bugu biyu motar ta kama, ba ta ƙara tari ba har Kaduna.

Abin da dattijon ya dunƙule cikin tambaya ɗaya ilimi ne mai tushe. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi. Masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Evangelista Torricelli, shi ne ya nuna yadda za a auna shi a shekarar 1643. A daidai doron teku, iska tana danna kowane wuri mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da nauyin da ya kai kusan kilo 1. Mai shayi yana huda gwangwani wuri biyu ne domin madara ta fita ta ɗaya, iska ta shiga ta ɗayar ta maye gurbinta. Haka tankin mota yake. Duk litar da famfon mai ya zuƙa ya aika wa inji, dole litar iska ta shigo a madadinta. Idan aka hana ta shiga, matsin da ke cikin tanki zai yi ta raguwa har famfo ya kasa jawo mai, inji ya mutu da ƙishi alhali ga mai a tanki. Wani lokaci ma iskar waje kan lotsa tankin. Cika tankin da direban ya yi ya ƙara gaggauta matsalar, saboda 'yar iskar da ta rage a sama ba ta da yawa.

Har ila yau, tanki yana buƙatar fitar da numfashi kamar yadda yake buƙatar shaƙa. Fetur ba ya jure zafi. Yana zama tururi cikin sauƙi, kuma yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 1,000 a duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1. Ke nan lita 50 da aka sha da sanyin asuba za ta iya ƙaruwa da kusan lita 1 idan zafinta ya hau da digiri 20. In babu mafita, matsin zai nemi inda ya fi rauni, ko tiyo ko haɗin tanki, ya ɓalle ta nan, ga kuma haɗarin gobara.

Sai dai direban bai yi ƙarya ba da ya ce ya ji wari. Tsohon murfi mai kafa yana sakin tururin fetur a sarari, abin da ke jawo asara kaɗan da kuma gurɓatar iska. Wannan ne ya sa a Amurka aka wajabta wa sababbin motoci na'urar kama tururi, da farko a jihar Kalifoniya a 1970, sa'an nan a ƙasar baki ɗaya a 1971. A irin waɗannan motoci murfin yana rufewa ruf da zoben roba. Tururi yana bin tiyo zuwa wani gwangwani mai cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi, idan inji ya tashi ya zuƙe shi ya ƙone. Tankin yana numfashi ne ta wannan hanya. Duk da haka ba a bar murfin haka nan ba, akan saka masa bawul mai sifirin wanda yake buɗewa idan matsin ciki ya yi ƙasa ƙwarai, ko kuma ya wuce kima. Tun daga 1996, motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna da kwamfutar da ke binciken lafiyar inji, shi ya sa a yawancinsu sakwarkwatar murfi kaɗai kan kunna fitilar gargaɗi a gaban direba.

Saboda haka kowace mota da irin murfinta. Toshe kafar tsohon murfi kuskure ne, huda murfin zamani shi ma kuskure ne. Ɗaure bakin tanki da leda ko cusa masa tsumma, kamar yadda akan gani a tashoshinmu, ya fi duka muni, domin ko dai ya shaƙe tankin, ko ya bar ƙura da ruwa su shiga, tururi kuma ya fita kusa da masu kunna ashana.

Direban ya isa kasuwa bayan la'asar, ciniki ya riga ya yi sanyi. Kwanduna biyu na ƙasa sun lalace, ya biya masu su daga aljihunsa, kuɗin da ya ninka abin da ya so ya tattala sau da yawa. Tun daga ranar, idan ya ga wata kafa ko ƙusa a jikin mota wadda bai san amfaninta ba, ba ya taɓa ta sai ya yi tambaya. Yakan ce wa yaron motarsa wanda ya ƙera abu ya san dalilin da ya bar masa ƙofa, matambayi kuwa ba ya ɓata.