Gidan yaya a cikin kwamfuta

A makon jiya ina shirya darasin lissafi, sai na ce bari in gwada ma'aunin nan na Gini da muke ji a rahotannin Bankin Duniya. Wani ɗan Italiya ne, Corrado Gini, ya fito da shi a 1912 don auna tazarar da ke tsakanin masu samu da marasa samu. Yana tafiya daga 0 zuwa 1: in kowa na samun daidai da kowa, 0 ne, in mutum guda ya kwashe duka, ya kusa 1. A 2014 Afirka ta Kudu ta haura 0,60, Nijar kuwa ba ta kai 0,40 ba.

Da yake ba ni da alƙaluman kowa a hannu, sai na ɗauki gidajenmu shida, ni da ƴan uwana. Na buɗe Excel na jera abin da biyar daga cikinmu ke samu a wata, daga ƙarami zuwa babba: jika 20, 30, 50, 100 da 300. Aikin ba wuya: a ninka kowane adadi da lambar matsayinsa a jeri, a tara, a gwada da jimilla da yawan gidajen. Kafin shayina ya huce amsa ta fito: 0,50.

Sai na lura da gurbi na shida. Na yayanmu ne, wanda ya zauna ƙauye yana noman gonar gado. Ba shi da albashi, don haka na bar wurin ba komai, Excel kuma ba ya ƙirga gurbin da ba a cika ba. Ashe kwamfuta ta fitar da shi daga dangi ban sani ba.

Na rubuta masa 0. Amsa ta haye 0,59. Na jima ina kallon sifilin nan, kunya ta kama ni. Wannan mutumin ne duk kaka yake aiko mana da hatsi da wake, kuma daga rumbunsa tsohuwarmu ke cin tuwo. Ta yaya zan rubuta cewa ba shi da komai?

Na kira shi na ce, “Yaya, dami nawa ka samu bana?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, haraji za ka aza mani?” Da ya faɗa, na ƙiyasta da farashin tiya a kasuwa, na raba wata 12, ya kama kusan jika 60. Amsa ta sauko 0,48.

Gida ɗaya, dare ɗaya, amsa uku. Kwamfuta ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Abin da na ba ta shi ta lissafa. A nan na gane dalilin da ya sa hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke auna abin da gida ke ci da kashewa, har da wanda ya noma da hannunsa, maimakon kuɗin da ke shiga aljihu kawai.

Don haka in ka ga an buga irin wannan adadi, kafin ka yi murna ko ka yi fushi, tambaya: me aka auna, wa aka ƙirga, wa aka bari? Ranar Litinin ba zan fara wa ɗalibaina da dabarar lissafin ba. Zan zana gurbi shida a allo, in bar na ƙarshe fayau, in tambaye su abin da za mu rubuta wa manomi.