Farin Zane a Bangon Kakuri

Shekara 25 ke nan rabon dattijon da dare ya riske shi a kudancin kogin Kaduna. Da rana yakan haye gada jefi-jefi, don ta'aziyya ko wata buƙata, amma kafin la'asar ta yi sanyi ya riga ya juyo gida Tudun Wada. Ba wanda ya kafa masa wannan doka. Tarzomar watan Fabrairun 2000 ce ta tashe shi daga Kakuri, ta 2002 kuma ta ƙara tabbatar wa kowa cewa kogi ya zama iyaka: Musulmi galibi a arewa, Kirista galibi a kudu.

Da ƙuruciyarsa Kakuri ba ta kowa ba ce, ta masaƙa ce. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya zo a 1975, unguwar ta cika da baƙi daga kowace kusurwa. A ɗaya daga cikin masaƙun nan ya haɗu da amininsa, wani Bajju daga wajen Zonkwa, inji ɗaya suke tsaro. Idan albashi ya shigo, silima suke nufa. Daga fim ɗin Sholay suka samo sunayen da suke kiran juna har yau: shi ne Jai saboda shiru-shirunsa, abokin kuma Biru, don ba ya rufe baki.

A bara 'yarsa, wadda likita ce, ta sa masa Sholay a waya don ta faranta masa rai. Bai kai minti 10 ba ya miƙa mata abarta. Ya ce wannan ba shi ba ne. Ta ɗauka rigimar tsufa ce, amma gaskiyarsa. An tsara fim ɗin ne don faffaɗan allo, inda mahaya dawaki ke ɓullowa daga ƙarshen duwatsu, ido ya bi su daga wannan gefe zuwa wancan. A tafin hannu sun koma tururuwa. Gabbar Singh, wanda takunsa kaɗai kan sa ɗaruruwan mutane su yi tsit, ya zama ɗan tsana da za a iya dakatarwa da yatsa idan saƙo ya shigo. Mugun da kake iya tsayarwa ka je ka sha ruwa ba ya ba ka tsoro.

Sai a watan Yunin 2025 ta nuna masa wani hoto: dubban mutane zaune a dandalin birnin Bolonya na Italiya, sararin sama a buɗe, suna kallon Sholay da aka gyara, shekara 50 bayan fitowarsa, har da ainihin ƙarshen da hukumar tace finafinai ta Indiya ta sa aka sauya a 1975. Ta bayyana masa cewa a Turai da Amurka akwai gidajen silima da ba su da aiki sai nuna tsofaffin finafinai, kuma tun 1936 aka kafa cibiyar adana su a Paris. Dattijon ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, “Ai wannan silimarmu ce.”

Bai yi kuskure ba. Abin da Turawa suka gina da gangan, suka ba shi suna da kasafin kuɗi, mu larura ce ta ba mu shi. Yawancin gidajen silima na Arewa ba su da rufi sai a wajen kujerun masu kuɗi, don haka sai duhu ya yi ake farawa. Masu rarraba finafinai, da yawansu Kwarori, kan sayo kwafi kaɗan, su yi ta zagayawa da shi daga Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna har ya kakkarce. Mother India na 1957 ya yi shekaru da dama yana dawowa, kuma ba a fasa cika ba. Mutane ba su zuwa don su san yadda labari zai ƙare, sun sani. Suna zuwa ne su riga jarumi faɗin maganarsa da yaren da ba su koya a ko'ina ba, su gargaɗe shi da ihu cewa ga mugu a bayansa, su yi wa mai na'ura fito idan fim ya tsinke. Kowane faifai bai wuce minti 20 ba, kuma tsofaffin 'yan kallo sun san ɗigon da ke walƙawa a kusurwar allo alamar za a sauya.

Kada a yi wa wurin ado fiye da kima. Akwai hayaƙi da faɗa da 'yan sane, malamai sun tsane shi, kuma macen Bahaushe da ta shiga ta zubar da mutuncinta a idon gari. Uwar 'yar tasa ba ta taɓa taka ƙofar ba. Sai dai a kan bencin nan ne Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo suke kuka a wuri ɗaya, ba wanda ya tambayi wani inda yake ibada. Bidiyo ya kwashe 'yan kallo zuwa ɗakuna, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gidajen silima suka koma shaguna da wuraren ibada.

Namu finafinan ma ba su tsira ba. Fim irin na da, zafi da laima suna cin sa har ya riƙa tsami ya manne. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya ta Jamus ce ta gyara shi, kuma a bikin finafinai na Berlin aka haska shi a 2018. Ɗalibi a Jamus ya fi jikan dattijon damar ganin fim ɗin Hausa na kakanninsa a babban allo.

Likitar ba ta da cibiya, amma tana da ƙaramar na'urar haska hoto da take amfani da ita wajen lacca. Ta kira ɗan Biru, suka shirya. Tsakar gidansu a Kakuri ya fi faɗi, kuma yanar ido ta hana tsohon fita da dare. Da ta gaya wa mahaifinta, sai ya tambayi ƙarfe nawa za a tashi. Ta ce, “Baba, fim ɗin ya haura awa 3, kai ka fi ni sani.” Kwana biyu bai ce uffan ba. A na uku ya aika a wanko masa babbar rigarsa.

Sun haye gada gab da magariba. Matar Biru ta riga ta shimfiɗa tabarma a lungu, ta ajiye buta, kamar yadda take yi shekaru 40 da suka wuce. An ɗaure farin zanen gado a bango, iska tana ɗan kaɗa shi, fuskokin jarumai suna lanƙwasa. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Yaran maƙwabta suka fara leƙe ta katanga, aka buɗe musu ƙofa. Iyayensu suka biyo da kujeru. Biru ya zauna daf da zanen, inuwa kawai yake gani, amma tun daga ƙarar jirgin ƙasa na farko ya kama ba yara labari, yana riga kowa, ana ce masa ya yi shiru. Tsohon kwafi ne, mai tsohon ƙarshe. Da aka zo wurin mutuwar Jai, ya lalubo hannun abokinsa ya riƙe, kuma a wannan karon ne kaɗai bakinsa ya mutu.

An tashi sha biyu saura. Likitar ta tsaya da makullin mota a hannu, tana duban mahaifinta. Matar gidan ta ce an share ɗakin baƙi tun da rana. Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce wa 'yarsa ta tafi ta dawo da safe, kuma ta bincika ko ana samun Mother India.