Amanar Dutse Mai Rai

A gidanmu na Damagaram, murjani yana zaune ne cikin wani ɗan kwano mai murfi na Inna, tare da zobba da tsofaffin ƴan kunne. Jajayen duwatsu ne da aka huda aka zura a zare, gadon kakarta, ba ya fitowa sai ranar biki. Har na shiga jami'a ban taɓa kawowa a raina cewa abin nan ya taɓa yin rai ba. A aji malaminmu ya kawo kalmar cikin misalan aro daga Larabci, ya ce daga nan sunan Murjanatu ya fito. Na rubuta a kaye, na wuce.

Bara na samu aikin koya wa yara biyu karatu da yamma a wani gida a Yamai. Mai gidan injiniya ne, ya daɗe a wata ƙasa ta bakin teku, ya dawo da wata sha'awa da ban taɓa ganin irinta ba. A falonsa akwai akwatin gilashi mai cin ruwa lita 300, da fitila shuɗiya a samansa. Kifaye huɗu ne kacal a ciki. Sauran duk wasu abubuwa ne masu rassa kamar ƙahon barewa, wani kore, wani ruwan goro, wani kuma ya baje kamar faifai. Na ce, "Alhaji, wannan furen roba ne?" Ya yi dariya ya ce murjani ne, kuma dabba ce.

Shi ya fara yi mini bayani, ni kuma na ƙara da karatu. Kowane reshe tarin ƙananan halittu ne, kowace da bakinta da ƴan hannuwa kewaye da shi. Suna tsamo sinadarin kalsiyom da kabonat daga ruwa su gina wa kansu ƙashi, su zauna a bisansa. Cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, masana na ce mata zozantel. Ita ke karɓar haske ta haɗa abinci, murjani ya samu mafi yawan cimarsa daga gare ta, ita kuma ta samu mafaka. Na Inna dangi ne na nesa, jan murjani na Bahar Rum da fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara. Shi yana zama a wurare masu ƙarancin haske, ba ruwansa da wannan gansakuka.

Wahalar kiwon nasa iri, in ji Alhaji, ita ce ba ya son canji. Zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26. Gishiri wajen giram 35 a kowace lita, abin da ma'auni ke nunawa 1025. Kalsiyom tsakanin 400 da 450, magneziyom wajen 1300, kabonat da ake rubutawa KH tsakanin 7 da 9. Ruwa kuma ya riƙa motsi dare da rana, don shi ke kawo iska ya kwashe datti. Launi ma daga nan yake. In aka cika ba kifi abinci, datti ya taru, gansakukar ta yi yawa, sai murjani ya koma launin ƙasa. In ruwan ya tsabtace fiye da ƙima ko haske ya yi ƙarfi, sai ya koɗe. Lambar da ta ɗan kauce amma ta tsaya wuri guda ta fi masa wadda ke hawa da sauka.

Cikin watan Afrilu tafiya ta kama shi, sati uku, da iyalinsa duka. Ya bar mini makulli, da kaye cike da umarni, da alkawarin jika talatin. Ku ɗalibai kun san abin da jika talatin ke nufi a ƙarshen shekara, lokacin da kuɗin fotokopi kaɗai ke cinye mutum. Na ce amana ce, in sha Allah.

Satin farko lafiya lau. A na biyu zafi ya haura 43, kuran ya shiga ɗaukewa yadda kuka sani, gurup ɗin gidan kuma ya ƙi tashi. Na'urar sanyaya ruwan ta tsaya, famfunan suka yi tsit. Ma'aunin zafi ya tashi daga 26 zuwa 28, daga nan 30. Ni da Baba maigadi muka kwana a falo. Shi yana fita neman ƙanƙara a unguwa, muna ɗaure ta cikin leda biyu mu sa ta yi iyo a saman ruwa. Ni kuma ina ɗiban ruwa da kofi ina kwararowa daga sama don iska ta shiga, har hannuna ya sage. Baba ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina gadi, yau ne na fara jinyar dutse." Da kuran ya dawo na ɗora fanka tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce, ruwan da ke tashi shi ke tafiya da zafi.

A nan na yi kuskurena. Fanka na sa ruwa ƙafewa da sauri, kusan lita goma a yini. A kayen an rubuta da Faransanci cewa in ruwa ya ragu a cika daga bidon ɗin. Bidon kuwa biyu ne a ɗakin ajiya, ɗaya na ruwan da aka tace, ɗaya na ruwan gishiri da aka haɗa. Shi da ya rubuta ɗaya ne a ransa, shi ya sa ya ce "bidon ɗin". Ni da na kwashe zango guda ina karanta yadda mai magana ke ɗauka mai sauraro ya san abin da yake nufi, ban tsaya na tambaya ba. Na ce dabbar teku ai ruwan teku take so. Na manta abin da kowane ɗan Bilma ya sani: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Kwana biyar ina zuba gishiri a kan gishiri. Ranar da na tuna na auna, 1030 na gani.

Kafin nan mai rassan nan, Akropora, ya riga ya fara fari daga gindi, naman yana saɓulewa kamar tsumma. Mai kama da faifai, Montipora, ya koɗe gaba ɗaya amma namansa na nan. Daga baya na gane bambancin. In murjani ya wahala yakan kori gansakukarsa, sai farin ƙashi ya bayyana ta cikin nama. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ta fara, kuma in ruwa ya daidaita da wuri yana iya farfaɗowa. Wanda namansa ya zube kuwa ya tafi.

Wallahi na yi tunanin yin shiru. Zafi da kuran sun isa hujja, ba mai zargina. Na riƙe waya kusan awa guda kafin na kira. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai laifin kuran, amma akwai nawa." Ya yi shiru, sannan ya ce kada in kuskura in gyara a rana ɗaya, in riƙa ɗebe lita biyar ina mayar da tataccen ruwa safe da yamma, don saukowa da gaggawa ta fi hawan illa. Da na ɓoye, da na kwarara ruwa gaba ɗaya don in shafe shaida, da na kashe sauran.

A daren na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Mu nan tun asuba yara ke layin famfo, kai kana can kana shayar da dutse?" Ban samu amsa ba. Matatar gidan tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita guda mai kyau. Har yau ina jin nauyin maganarta, kuma har yau ba na jin na yi aikin banza. Abin da na gani a falon nan shi ke faruwa a teku. Digiri ɗaya bisa zafin da aka saba, in ya jima makonni, ya isa. Babban shingen murjani na Ostireliya ya koɗe a 2016 da 2017, kuma a Afrilun 2024 aka bayyana cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan koɗewa. Na lura cewa a takarda farin launi da farin rashin ruwan sama haruffansu ɗaya ne. Mu da ba mu da teku, zafin da ke ƙona mana gero shi ke cin nasu murjanin.

Alhaji ya dawo, ya biya ni cif, ya kuma gyara layin nan a kayensa da jan biro. Montipora ya ɗauki wata biyu kafin launi ya fara dawo masa daga gefe. Ƙashin Akropora ya ba ni. Da hutu na kai wa Inna, ta juya shi a hannu ta ce wannan ba murjani ba ne, murjani ja ne. A Hausarta gaskiya ta faɗa. Ni ina ce masa dutse mai rai, ko da yake wannan nasa ran ya fita. Wanda ke da sunan da ya fi wannan, ya zo da shi zamanmu na gaba.