Inda Ruwa Ya Taru Ba Nan Ya Shigo Ba

Wannan makon labarin kwalekwalen kawuna na kawo muku.

Kawu masunci ne a Dam ɗin Mairuwa da ke gefen Funtua. Da rani, idan 'yan lambu suka fara ɗibar tumatir, yakan haye musu da kwanduna zuwa ɗaya gaɓar, su ba shi abin da ya sawwaƙa. Da na gama difloma ina zaman jiran aiki, sai na zama yaron jirginsa. Aikina ɗaya ne: in zauna a baya da yankakkiyar jarka ina kwarfar ruwa.

Kullum a ƙarƙashin ƙafata ruwan yake taruwa, don haka na yanke hukunci cewa nan ɓarakar take. Muka jawo jirgin tudu, na cusa auduga tsakanin katakan baya, na narka kwalta a gwangwani na shafe. Muka mayar da shi ruwa babu kaya, ya kwana a ɗaure. Da safe muka tarar da cikinsa a bushe ƙamas. Har na fara cika baki.

Ranar muka ɗauki kwando takwas da wata mata mai goyo. Muna kaiwa tsakiya ruwa ya shafe min idon sawu. Ina kwarfa yana ƙaruwa. Matar ta fara salati, ni kuwa abin da ya faɗo min a rai shi ne jirgin da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Kawu bai ce uffan ba, ya ci gaba da tuƙi har Allah Ya kai mu gaɓa.

Da muka sauke kaya ya ce, "Ɗana, jirgin nan ba zai sake ɗaukar ran mutum ba sai mun ga bakin yoyon da idonmu."

Na ce, "Kawu, ai kakar tumatir ce, 'yan lambu za su koma wa wani."

Ya ce, "Su koma."

Kwana biyu jirgin ya yi a rana. A na uku Kawu ya ɗebo toka daga murhu ya barbaɗe cikinsa kaf. Muka cika buhuna da yashi daidai nauyin kayan da muke ɗauka, muka jera a ciki, muka tura shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Muka tsaya muna kallo.

Can sai toka ta fara baƙi, ba a baya ba, a gaba ta hagu, can sama a mahaɗar katako na ƙarshe. Wani siririn layi ya gangaro, ya bi gindin jirgin a hankali har ya isa mazaunina. Ashe hunturu ne ya busar da katakon saman ya tsuke, ga wata ƙusa da tsatsa ta cinye. Idan babu kaya, ɓarakar tana saman ruwa da kamar yatsa huɗu. Da an yi lodi sai ta nutse. Gwajin da na yi da jirgi wayam bai gwada komai ba.

Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba: ƙusa biyu, auduga kaɗan, kwalta. Neman wurin ne ya ci mana kwana uku da kwastomomi biyu da ba su dawo ba har kakar ta wuce.

Kwanan baya na karanta wani gajeren labarina a zaman ƙungiyarmu, kowa ya ce ƙarshen ya yi sanyi. Sau uku ina sake ƙarshen, bai gyaru ba. Sai na tuna da toka, na koma farko ina bi layi-layi. A shafi na biyu na samu ɓarakar: ban ba jarumar wani abin da take tsoron rasawa ba.

Kawu har yanzu yana Mairuwa. Allah Ya tsare mana masu bin ruwa, amin.